Hanyar Kyanwa a Tsakiyar Falo

A shekarar 2017 gwiwoyin Baba Daidai suka yi masa tawaye. Ya haura shekara arba'in yana durƙushe a kansu yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane, ba su taɓa cewa uffan ba. Sai wata safiya ya durƙusa a ɗakin girkin wani sabon gida, ya zo tashi, suka ce ba da su ba. Masu gidan ne suka kama shi suka miƙar. Likita ya duba, ya ce aikin durƙuso ya ƙare. Ya dawo gida da jakar kayan aikinsa, ya rataye ta a bayan ƙofa, ya zauna a falo yana kallon ƙasa, domin ita ya saba kallo.

Daidai ba sunansa na yanka ba ne; bakinsa ne ya jawo masa. Tun yana saurayi, maigidansa a sana'a ya ba shi wani ɗan ƙwallon ƙarfe da aka ciro daga tsohon inji, ya ce duk ɗakin da ya gama, ban da banɗaki inda ake son ruwa ya gangara, ya ajiye ƙwallon a tsakiya. In ya zauna, aiki ya yi. In ya mirgina, a fasa a sake. Daga ranar ƙwallon bai bar aljihunsa ba, kuma kalmomin "bai yi daidai ba" ba su bar bakinsa ba. Yakan faɗe su ga daɓe, ga hoton da aka rataye a karkace, har ga gashin bakin abokai. Matarsa tana yawan ba da labarin ranar da ya fara zuwa gaishe da iyayenta: ana cikin gaisuwa ya ninke wata takarda, ya sunkuya, ya cusa ta a ƙarƙashin ƙafar teburin mahaifinta. Mahaifin ya dube shi, ya dubi teburin, ya ce wa 'yarsa wannan ko dai ya riƙe ta da kyau, ko ya haukata ta. Takan ce duka biyun ya yi.

Falon gidansa shi ne aikin da ya fi alfahari da shi. Farin tayil ne mai sheƙi, layukansa a miƙe, mutum yana iya ganin fuskarsa a ciki. Wuri ɗaya ne a gidan yake jin kunyarsa, wato sito. Tayil ya ƙare kafin a kai gare shi, aka bar shi da daɓen siminti mai kaushi, Baba yana cewa mako mai zuwa, har 'ya'yansa suka girma suka yi aure. A ciki yake jibge ragowar tayil na kowane gida da ya taɓa yi wa aiki, kuma in baƙi za su zo sai ya kulle shi.

Matarsa tana da wata kyanwa da take kira Baƙa. A wannan shekara Baƙa ta yi ciki, ana cikin haka ta kwanta da amai da gudawa, ta ƙi abinci, har aka fitar da rai, sannan ta warware. Ta haifi uku a ƙarƙashin gado. Biyu ba su yi kwana ba. Ta ukun, wata 'yar mitsitsiya mai farin wuya, ta kama nono ta ƙi saki.

Ranar da 'yar kyanwar ta fara fitowa falo, Baba yana zaune yana shan shayi. Ta buɗe ƙafafu kamar mai tsallake kwata, kanta yana rawa, wutsiya a sama. Ta yi 'yan taku, ta karkata hagu, ta kife. Ta tashi ba tare da ko kuka ba, ta sake nufar inda ta nufa, ta sake kifewa.

Matarsa ta leƙo daga ɗakin girki, tana goge hannu. "Baban yara, anya falon nan naka ya yi daidai? Ga mai awo ta zo, ta ce akwai gangare."

Ita da wasa ta faɗa. Shi kuwa ajiye kofin ya yi. Ya fito da ƙwallonsa ya sa a inda kyanwar ta faɗi. Ƙwallo ya zauna. Ya sauko da jakarsa, ya ɗauko ma'aunin daɓe, dogon ƙarfen nan mai 'yar kwalba da kumfa a ciki. Kumfa ta tsaya a tsakiya cif. Yana shirin mayar da su sai ga 'yar kyanwar ta dawo, ta sake faɗuwa hagu, kusan a wuri ɗaya, a gindin kujera.

"Ƙarfe yana iya tsufa," in ji Baba a hankali. "Dabba kuwa ba ta san ƙarya ba."

"Wasa nake yi fa."

"Ke kike wasa. Ita ba wasa take yi ba."

Tunda an hana shi durƙuso, sai ya nemi matashin kujera ya zauna a kai, yana jan jiki da mazaunai, guduma a hannu. Ya ɓamɓare tayil ɗin gindin kujera, ya ƙara siminti, ya mayar. Da ya bushe aka sako mai awo, wadda zuwa lokacin an raɗa mata suna Tangaɗi. Ta faɗi dama. Baba ya gyaɗa kai ya ce ya wuce da siminti. Ya sake ɓamɓarewa. Gyaran wannan ya taɓa na kusa da shi, na kusa ya taɓa na gaba, kafin a ce me rabin falo ya tashi. Kujeru suka koma baranda, labule ya yi fari da ƙura, Tangaɗi ta buga sawunta a ɗanyen siminti har sau ba adadi. Matarsa ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta rantse ba za ta ƙara yi masa wasa ba har abada. Daga baya ta lura cewa mutumin da ya yi watanni yana kallon ƙasa shiru yanzu yana tashi da sassafe yana 'yar waƙarsa, sai ta kama bakinta, ta ci gaba da share ƙura.

Abu ɗaya ne aikin ya janyo masa asararsa. Autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta saba kawo 'yarta kowace Asabar. Yarinyar ta fara rarrafe, Baba yana kiranta amaryarsa, kuma tun Alhamis yake fara ƙirga zuwanta. Saboda ƙurar siminti Auta ta daina kawo ta, ta ce sai an gama. Wannan ne ya sa ya yi wa falon gaggawa a ƙarshe, ya mayar da shi yadda yake tun farko, ba tare da Tangaɗi ta daina faɗuwa ba.

Asabar ɗin da Auta ta dawo, ta shigo da yarinya a kafaɗa ta tarar da mahaifinta a ƙasa yana ba kyanwa kifi da hannu. Haka ya saba, domin in Tangaɗi ta nufi kwano kanta yakan ƙara rawa, ta riƙa kuskuren abincin. Jin motsin ƙofa ya sa ya waiga, ita kuma ta kai cafka, ta sami yatsa maimakon kifi. Jini ya fito. Kyanwar ta ja da baya, ta yi layi, ta kife a gaban Auta.

Auta ba ta sauke 'yarta ba. Ta miƙa ta ga mahaifiyarta, ta ja mahaifinta zuwa famfo, ta wanke yatsan da sabulu har ya fara ƙorafi.

"Baba, ka san abin da ke sa dabba tangaɗi da cizo?"

"Santsi ne. Ina kan binciken—"

"Ciwon haukan kare. Ba kare kaɗai yake kamawa ba, kyanwa ma tana ɗauka, kuma in ya nuna a jikin mutum babu magani. Ɗauko takalmanka."

A asibiti aka fara yi masa allurai. A hanyar dawowa ta gaya masa sauran maganar, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta a kan titi. Yarinya mai rarrafe ba za ta haɗa daɓe da wannan kyanwa ba. Mijinta ya san wani da zai zo ya ɗauke ta. Baba bai tambayi inda za a kai ta ba, domin ya gane.

"In ba a ɗauke ta ba fa?"

"To sai dai ka riƙa ganin amaryarka a hoto."

Ranar Litinin ya huda wani kwalin tayil, ya shimfiɗa tsohon tawul, ya sa Tangaɗi a ciki, shi da matarsa suka shiga tasi zuwa asibitin dabbobi. A ɗakin jira akwai wani mutum da akuya mai ɗaure da ƙafa, da wata mata da aku a keji wanda ke ta kwaikwayon tarin maigidansa. Likitar matashiya ce, ba ta kai Auta ba. Ta sa safar hannu, ta ɗora Tangaɗi a teburin ƙarfe, ta duba idanu da baki, ta auna zafin jiki, ta latsa ciki. Sannan ta sauke ta ƙasa don ta ga tafiyarta.

Baba ya bi ta da ido, idon ya zarce zuwa daɓen, sai fuskarsa ta canza. "'Yata, wa ya yi miki wannan aikin? A nan ko mutum mai lafiya zai yi tangaɗi."

"Baban yara, ba don shi muka zo ba," in ji matarsa.

Likitar ta danne dariya. Ta tambaya ko kyanwar tana fita waje, ko wata dabba ta taɓa cizonta. Suka ce ko baranda ba ta taɓa kaiwa ba. Ta tambaya ko tana ci. Suka ce kamar an aiko ta. Sannan ta ce, "Tun yaushe take wannan tafiyar?"

Baba ya fara lissafi a ransa. Matarsa ta riga shi. "Tun ranar da ta fara takawa. Ki tambaye ni, ni da na sha ƙura. A kanta ya fasa mini falo, ya gyara, ya sake fasawa. Ya fi wata biyu kujeruna suna baranda."

"Ya fasa falo?"

"Wai daɓen ne ya karkace."

Wannan karon likitar ba ta iya dannewa ba; sai da ta dafa tebur. Da ta natsu ta ba Baba haƙuri, ta ce fasa falon nan ya fi mata kowane gwaji amfani. Ta zaunar da su ta yi bayani a tsanake. Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana da ake kira bairos, in ji ta, kuma fiye da guda a cikinsu suna iya kaiwa ga ƙwaƙwalwar kyanwa. Na haukan kare yana cikinsu, kuma Auta ta yi daidai da ta tsorata, ta yi daidai da ta kai shi allura. Amma shi ba ya jira: daga ranar da ya nuna alama, kwanaki kaɗan dabbar take yi. Ba ya barin kyanwa ta yi wata biyu tana cin kifi tana buga sawu a siminti. Akwai wani kuma da ke kumbura ƙwaƙwalwa sannu a hankali, da zazzaɓi da rama, wani lokaci ciki ya cika da ruwa ko ido ya yi hazo, kullum jiya ta fi yau. Tangaɗi ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

"Uwarta ta yi ciwo tana da cikinta?"

Matar ta dubi mijinta. "Baƙa. Amai da gudawa."

"To shi nake zato." Likitar ta sa yatsa a ƙeyar Tangaɗi. "A nan akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke daidaita tafiya. Bairos ɗin da ya kwantar da uwar ya iske 'ya'yan a ciki, daidai lokacin da wannan wuri yake ginuwa, ya hana shi cika. Ya yi ɓarnarsa ya wuce. Ba na iya rantsuwa sai da hoton ƙwaƙwalwa, amma duk alamun nasa ne. Ba ya kama mutum. Ba ta jin zafi. Ba za ta warke ba, ba kuma za ta ƙara lalacewa ba. Ita a ganinta haka kowa yake tafiya."

Baba ya dubi Tangaɗi. "Wato ma'auninta ne bai cika ba."

"Haka ne, Baba."

"Falona kuwa..."

"Falonka lafiyarsa ƙalau."

Ya jingina da kujera, ya sauke wani dogon numfashi, har matarsa ta kasa gane wanne ya fi faranta masa rai, na kyanwar ko na falon.

Sai dai likitar ba ta sallame su haka ba. Tunda an yi cizo, ta ce, dole a killace Tangaɗi a ɗaki ita kaɗai na mako biyu, ana dubawa, shi kuma ya ci gaba da bin abin da asibiti ya ce. In ta daina ci, ko halinta ya canza, a kira ta nan take. In ta fita lafiya, a dawo da ita da Baƙa a yi musu rigakafi. Baba ya roƙe ta ta maimaita wa Auta duk wannan a waya. Auta ta saurara har ƙarshe, ta yi tambayoyi irin na mai aikin magani, sannan ta ce za ta zo ta gani da idonta ranar da wa'adin ya cika. Ba ta yi alkawarin komai ba.

Ɗakin da ke da ƙofa mai kullewa kuma babu kowa a ciki guda ne a gidan. Haka Tangaɗi ta tare a sito, a kan daɓen da Baba ya yi shekaru yana ɓoyewa. Yakan kai mata abinci a kwano mai faɗi, da hannu a cikin tsohuwar safar aiki, sannan ya zauna a bakin ƙofa yana neman alamun da likita ta lissafa. Bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya gani daban ne. Tangaɗi ta taso daga bango, tana rawar kanta da buɗaɗɗun ƙafafunta, ta karkata hagu kamar kullum, amma tafin ƙafarta ya kama kaushin simintin, ta tsaya, ta miƙe, ta ci gaba. Ta iso gare shi da faɗuwa ɗaya tak.

Ya kira matarsa ta gani. "Duk wahalar da na sha ina ƙara mata santsi nake yi. Mafi munin daɓe a gidan nan shi ne nata."

"To sai ka bar ta a nan, ka bar mini falona."

Idonsa yana kan tarin ragowar tayil. Ta ga inda yake kallo, ta ɗora hannu a ka.

A cikin ragowar ya tsince masu kaushi kawai, irin na banɗaki da na farfajiya. Ba su da launi ɗaya, ba su da girma ɗaya. Akwai kore daga gidan wani alƙali da ya sa shi ya sake matakala saboda matar alƙalin ta canza ra'ayi. Akwai ruwan ƙasa daga wata makaranta, da shuɗi daga asibitin da aka haifi Auta, wanda ya yi aikinsa tun tana cikin mahaifiyarta. Yana ɗaga kowanne yana ba matarsa labarinsa, har ita ma ta jawo kujera ta fara zaɓa. Ya ɓamɓare layi guda na farin tayil ɗinsa mai sheƙi, daga ƙofar sito, ta tsakiyar falo, zuwa ɗakin girki, ya jera su a gurbin. Wani tsohon abokin sana'arsa ya zo gaisuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hanyar mai launi barkatai, ya tambayi matar a asirce ko ciwon gwiwar ya hau sama. Baba ya ji. Ya ajiye ƙwallonsa a kan hanyar, ƙwallo ya zauna. "Muni daban, karkata daban," in ji shi.

Ranar da wa'adi ya cika Auta ta shigo ita kaɗai, jaka a hannu, ba yarinya. Ta dubi falon, ta dubi mahaifiyarta, mahaifiyar ta ce kada ta tambaya. Baba ya sa ta tsaya a ƙarshen hanyar, ya buɗe sito.

Tangaɗi ta leƙo. Ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi. Baba ya mirgina ɗan ƙwallonsa, abin da bai taɓa yi da gangan ba a rayuwarsa, ita kuma ta bi shi. Ta taka kore, ta yi layi, ta riƙe. Ta taka ruwan ƙasa, ta taka shuɗi, kai yana rawa, wutsiya tana neman hanya, Baba yana biye da ita yana cije leɓe. Sai da ta kai tayil na ƙarshe ta kai wa ƙwallon cafka, ta kuskure, ta kife a kan ƙafar Auta. A nan ta mirgina ta ba da ciki, ta fara gurnanin jin daɗi.

Auta ta daɗe tana kallonta. Ta tambaya ko tana ci, ko ta taɓa yin zazzaɓi, ko an sa ranar rigakafi. Aka amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Sai ta zare ƙafarta a hankali, ta juya ta fita.

Baba ya tsaya riƙe da ƙofar sito. Matarsa ta fara cewa ya ba ta lokaci, sai suka ji an rufe ƙofar mota a waje. Ashe mijin Auta yana can tun ɗazu da yarinyar a cinya, yana jiran hukunci. Auta ta dawo da ita a kafaɗa, ta sauke ta a kan shuɗin tayil.

"Ga amaryarka. Amma ba ka ƙara ba kyanwa abinci da hannu."

"Na daina."

"Kuma ba ka ƙara fasa falo."

Matarsa ta ce wannan a sa shi ya rantse.

A kan wannan hanya yarinyar ta koyi tafiya, domin ita ma farin tayil yana kwashe ta. Takan yi taku ta zauna daɓas, Tangaɗi ta yi taku ta kife a gefenta, su dubi juna, kowa ya tashi. Yarinyar ta wuce ta cikin 'yan watanni, kuma da bakinta ya buɗe takan tsaya ta jira ta tana cewa, "Yi a hankali."

Yau yarinyar tana makaranta, tana zuwa kowace Asabar tare da ƙaninta. Baƙa ta mutu da tsufa. Tangaɗi tana nan da ƙibarta, ana yi mata rigakafi a kan lokaci, kuma tafiyarta ba ta gyaru ba, ba ta kuma ƙara lalacewa ba. Hanyar ta sami reshe zuwa baranda. Baba Daidai yana tafiya da sanda, shi ma ta kanta yake bi. Sito har yanzu ba a sa masa tayil ba, kuma an daina kulle shi in baƙi sun zo.